Lemar Kawu: PDP ta mutu ne ko suma ta yi?

Ranar Talata, 18 ga Nuwamban 2025, da aka watsa hayaƙi mai sa hawaye a Wadata Plaza, hedikwatar PDP da ke Abuja, ina zaune kan benci a shagon Kawuna aka turo mani bidiyon ta WhatsApp. Ga manyan mutane cikin manyan riguna ana tari ana share ido, ga 'yan sanda, ga gwamnan Bauchi da na Oyo a tsakiyar turmutsitsi, ɓangare biyu kowa na cewa shi ne mai gidan. Na miƙa wa Kawu wayar. Ya ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki, ya gyara tabarau, ya kalla har ƙarshe. Ya maido mani, ya ce "Allah Ya kyauta," ya ci gaba da ɗinkinshi. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba har aka kira la'asar.

Wanda bai san Kawu ba zai ce to me ke ciki. Kawu yayan mahaifiyata ne, tela, ya haura shekara saba'in. A jikin ƙofar shagonshi akwai zanen lema, kore da fari da ja, wanda aka yi tun ina firamare. Fenti ya koɗe, jan ma ya koma ruwan ƙasa, amma bai taɓa yarda a shafe ba. Ya fara siyasa gadan-gadan a SDP lokacin Babangida, yana cikin masu bin Janar Shehu Musa 'Yar'adua. Ya yi wa Malam Umaru kamfen a 1991 lokacin da ya sha kaye hannun Sa'idu Barda na NRC, ya sake yi mashi a 1999 aka ci. Tun da aka kafa PDP a 1998 yake riƙe da ƙaramin muƙami a mazaɓarmu. Bai taɓa zama kansila ba, bai taɓa samun kwangilar ko kwalbati ɗaya ba. Kujerar Makka ma 'ya'yanshi suka haɗa suka biya mashi. Mutum ne da in ka taɓa PDP a gabanshi sai ka ji tarihin G34 tun daga wasiƙar da su Solomon Lar da Adamu Ciroma da Abubakar Rimi suka aika wa Abacha. Shi ne fa ya kalli wannan bidiyo ya yi shiru.

Gara in faɗi inda na tsaya tun yanzu, kafin wani ya shigo ƙasan rubutun nan ya ce an biya ni. Ni ban taɓa zama ɗan PDP ba. A 2015 Buhari na zaɓa, na kwana a rumfar zaɓe ina gadin akwati, kuma ranar da aka faɗi sakamako ina cikin yaran da suka zo da tsintsiya suka share ƙofar shagon Kawu muna ihu. Ya fito ya kalle mu, ya ce mani, "Kai yaro, in kun gama ku share cikin ma, dama ya yi ƙura." Har yau in na tuna sai in ji kunya. Yanzu kuma ba ni da katin kowace jam'iyya.

Da daddare a teburin mai shayi maganar ta tashi, kamar yadda ta tashi a kowace majalisa a ƙasar nan. Wani abokina malamin sakandare, wanda ke son lissafi fiye da yadda yake son abinci, shi ya tsaya kai da fata cewa PDP ba ta mutu ba. Kuma gaskiya hujjojinshi ba na wasa ba ne, shi ya sa zan kawo su yadda ya faɗe su.

Ya ce mun manta da 2016. A lokacin ma haka aka yi ta cewa an yi jana'izar PDP. Ali Modu Sheriff na cewa shi ne shugaba, Ahmed Makarfi na cewa shi ne, 'yan sanda suka rufe wannan Wadata Plaza ɗin dai, kotuna na ta ba da hukunce-hukunce masu cin karo da juna, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yulin 2017 ta ba Makarfi. Shekara ɗaya bayan nan su Atiku da Saraki da Tambuwal da Kwankwaso duk sun dawo gida. A 2019 jam'iyyar da aka ce ta mutu ta samu ƙuri'a miliyan 11 da ɗoriya, ta karɓe Bauchi da Adamawa da Oyo daga hannun APC, a Kano kuma sai da aka kai ga inkwankulusib. Ya ce gawa ba ta yin haka.

Sannan ya ɗauko 2023, ya rubuta a bayan kwalin Lipton. Tinubu 8,794,726. Atiku 6,984,520. Peter Obi 6,101,533. Kwankwaso 1,496,687. Ya ce mu haɗa ukun ƙarshe, mu ga sun wuce miliyan 14 da rabi, alhali dukkansu uku a 2019 a ƙarƙashin lema ɗaya suke, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a wancan zaɓe. Ke nan a ganinshi ba a kayar da PDP ba, ita ce ta raba kanta uku. Ya ƙara da cewa nan Katsina, mahaifar Shugaba Buhari, yana kan mulki, Atiku ya ci jihar. Ya kawo Gana: Mahama ya faɗi a 2016, ya sake faɗi a 2020, mutane suka ce NDC ta gama yawo, ga shi a Disambar 2024 ya dawo da gagarumin rinjaye. Ya ce haka tsarin jam'iyyu biyu yake, kamar lilo ne, in wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa, in aka gaji da mai mulki dole a waiwayi ɗayan.

Na kwana ina juya maganar. Na yarda da lissafinshi, amma ban yarda da inda ya kai shi ba.

Mu fara da ƙuri'un shugaban ƙasa, tunda su yake so. A 2011 Jonathan ya samu miliyan 22 da rabi. A 2015 ta sauko miliyan 12.8. A 2019 miliyan 11.2. A 2023 ba ta kai miliyan 7 ba. Lilo yana zuwa ya dawo. Wannan kam gangara ce, zaɓe huɗu a jere ba a taɓa hawa ba ko sau ɗaya. A Kano, inda PDP ta kusa karɓar gwamna a 2019, ɗan takararta na gwamna a 2023 bai samu ƙuri'a dubu ashirin ba a jihar da wanda ya ci ya haura miliyan ɗaya. Me ya faru cikin shekara huɗu? Mutum ɗaya ya fita da jar hularshi, jam'iyya ta zama kango. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ƙuri'un nan ba na lema ba ne, aro aka ba ta.

Nasarar Atiku a Katsina ma mu duba ta da kyau, don ni ina nan aka yi. Ranar 25 ga Fabrairu mutane na cikin azabar canjin kuɗi, mutum da kuɗinshi a banki amma ba ya iya sayen kwanon masara, ga 'yan bindiga sun hana noma a ƙananan hukumomi da dama. Atiku ya samu dubu 489, Tinubu dubu 482. Mako uku bayan nan, ranar 18 ga Maris, aka yi zaɓen gwamna: PDP ta samu dubu 486, APC ta samu dubu 859. Ku lura, ƙuri'ar PDP ba ta motsa ba. Ta APC ce ta kusa ninkawa. Ke nan a watan Fabrairu 'yan APC ne suka yi fushi suka zauna gida ko suka ba wani, da suka huce suka fito. PDP ba ta jawo kowa ba. Kuma ba a yi wata uku ba Barista Ibrahim Shema, wanda ya yi gwamna shekara takwas a ƙarƙashinta, ya koma APC.

Amma abin da ya fi damuna shi ne maganar gwamnoni, kuma a nan ne nake ganin 2025 ta bambanta da 2016. A Najeriya, mu daina yaudarar kanmu, ba kuɗin katin mambobi ke riƙe jam'iyya ba. Gwamna ke riƙe ta. Shi ke biyan hayar ofis, shi ke ɗaukar nauyin taro, shi ke kai daliget babban taro ya dawo da su, shi ke biyan lauyoyi, shi ke biyan wakilan akwati ranar zaɓe. A rikicin Sheriff, gwamnoni ne suka tsaya suka ceto PDP, kuma kan gaba a cikinsu Nyesom Wike ne na Ribas da Ayodele Fayose na Ekiti. Yau fa? Mutanen nan biyu na cikin waɗanda babban taron Ibadan na 15 da 16 ga Nuwamban 2025 ya ce ya kora, taron da ya zaɓi Kabiru Tanimu Turaki shugaba, su kuma suka ce taron ma haramtacce ne. Wike minista ne a gwamnatin Tinubu tun Agustan 2023, kuma har gobe yana cewa shi ɗan PDP ne. Likitan da ya yi wa mara lafiya magani wancan karon, shi ne wannan karon ake zargi da riƙe mashi maƙogwaro.

A 1999 PDP na da gwamnoni 21. A 2003 suka kai 28. Wannan ne ya sa wani shugabanta na ƙasa, Vincent Ogbulafor, ya bugi ƙirji ya ce za su yi shekara sittin suna mulki. Sha shida suka yi. Bayan zaɓen 2023 tana da 13. Edo ta tafi a zaɓen Satumbar 2024. A Afrilun 2025 gwamnan Delta ya kwashe jam'iyyar jihar kacokan ya shiga APC, tare da Ifeanyi Okowa, mutumin da ya tsaya wa Atiku mataimaki a zaɓen 2023. A Yuni Akwa Ibom ta bi. A Oktoba Inugu da Bayelsa. A Nuwamban 2025 ba su wuce takwas ba, kuma a cikin takwas ɗin akwai waɗanda kowa ya san takalminsu na bakin ƙofa.

Ba yawan kaɗai ba, ku dubi waɗanne jihohi ne. Delta, Akwa Ibom, Bayelsa, Inugu: tun 1999 har zuwa 2025 ba su taɓa samun gwamnan da ba na PDP ba. Su ne rumbun jam'iyyar. Uku daga ciki jihohin mai ne, masu karɓar kaso 13 cikin ɗari na arzikin da aka haƙo a ƙasarsu, wato masu kuɗin. Lokacin da Arewa ta juya wa PDP baya a 2015, can ta koma ta fake, can ta yi jinya, da kuɗin can ta dawo a 2019. A 1999 duk jihohi biyar na Kudu maso Gabas nata ne, yau ba ta da ko ɗaya. A Kudu maso Kudu, zuwa Nuwamban 2025 Ribas kaɗai ta rage, ita ma kun ga yadda aka dakatar da gwamnanta wata shida a shekarar. In ruwa ya ci gonar mutum yana iya jira daminar baɗi. In rumbun ne ya ƙone har da iri, da me zai shuka?

To maganar Gana. Na taɓa zama wata uku a Kumasi wajen wani ɗan'uwanmu a zango, kuma abin da na gani shi ne mutum ɗan NDC ne ko ɗan NPP kamar yadda mu nan mutum yake ɗan Arsenal ko ɗan Madrid. An ci su, ba a ci su ba, yana nan. Kuma dokarsu ta ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a ciki ya bar kujerarshi. Mu ma muna da irin wannan a sashe na 68 na kundin tsarin mulki, sai dai an bar ƙofa a buɗe: in jam'iyyarka ta rabu gida biyu kana iya fita da kujerarka. Shi ya sa duk wasiƙar sauya sheƙa da aka karanta a zauren majalisa sai ka ji "saboda rikicin cikin gida." Gwamna kuwa ba ma abin da ya hana shi, ya kwana a lema ya tashi a tsintsiya da ƙuri'unku a aljihu. NDC ta yi shekara takwas a waje amma mutanenta na ciki. Zuwa 2025 PDP ta yi shekara goma a waje, mutumin da ta tsayar sau biyu a jere, Atiku, ya ajiye katinta a watan Yulin shekarar, karo na uku ke nan da yake barin ta.

Inda abokina ya yi gaskiya, kuma na gaya mashi, shi ne cewa ƙasar nan dole ta koma ga manyan jam'iyyu biyu. Ba don muna son haka ba, dokar ce ta matse mu. Sashe na 134 ya ce ba ka zama shugaban ƙasa sai ka fi kowa ƙuri'a kuma ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jam'iyyar yanki ɗaya ba ta iya wannan. Buhari ya gwada sau uku, ya tara miliyan 12 a 2011 da CPC, bai kai ba, sai da aka narkar da CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA a 2013, sannan gwamnoni biyar na PDP suka biyo: Kwankwaso, Wamakko, Nyako, Abdulfatah Ahmed da Amaechi. A 2023 'yan adawa sun sake karanta darasin da hawaye. Don haka kujerar "babbar jam'iyyar adawa" ba za ta zauna ba kowa ba. Wani zai hau.

Kuskuren shi ne a ɗauka cewa kujerar an rubuta sunan PDP a jikinta. A Ingila, har zuwa yaƙin duniya na farko, Liberal da Conservative ne manyan biyu. Shugabannin Liberal biyu, Asquith da Lloyd George, suka raba jam'iyyar a kan rigimarsu, kafin su farga Labour ta zauna a kujerar, kuma tun 1922 ba a sake yin firaministan Liberal ba. Tsarin jam'iyyu biyu bai mutu ba, ɗaya daga cikin biyun ce aka canza. Ba sai mun je Ingila ba ma. Ina ANPP? Mu nan Arewa ita ce adawa, masara ce a kowane bango. Gwamnoni tara a 1999 tana APP, bakwai a 2003, uku a 2011, daga nan aka narkar da ita. Yaron da aka haifa a 2010 in ka ce mashi ANPP sai ya zaci kamfanin siminti ne. Ita ma fa akwai masu cewa ba za ta taɓa mutuwa ba.

Yanzu ga wurin da ni kaina maganata ke ɗan rawa, kuma ba zan ɓoye ba. In aka ce PDP ta mutu, wa ya mutu? Shugaban majalisar dattawa na yau, Godswill Akpabio, gwamnan PDP ne shekara takwas. Sakataren gwamnatin tarayya, George Akume, gwamnan PDP ne shekara takwas. Abdullahi Adamu da Ganduje, da suka shugabanci APC ɗaya bayan ɗaya, a PDP suka yi suna. Namu Aminu Bello Masari a PDP ya yi kakakin majalisar wakilai. Ka leƙa ADC, rumfar haɗakar da aka buɗe a watan Yulin 2025: David Mark aka naɗa shugaba, wanda ya yi shekara takwas yana shugaban majalisar dattawa a PDP, ga Atiku, ga Amaechi. Ko ta ina ka juya su ne dai. Wani a majalisar mai shayi ya ce to ashe PDP ba mutuwa ta yi ba, aurar da 'ya'yanta ta yi, aka yi ta dariya. Akwai gaskiya a ciki. Halinta na nan daram: gwamna ne uban jam'iyya, daliget kaya ne na sayarwa, kotu ce ke faɗin wane ne shugaba. Wanda ke murnar mutuwar PDP don yana ganin wannan hali zai bi ta kabari, to ya rage murna.

Amma jam'iyya ba manyan mutanenta kaɗai ba ce, kuma wannan ne ya maido ni shagon Kawu. Abin da PDP ke da shi wanda ba a saye a kasuwa cikin shekara ɗaya shi ne irin su Kawu: mutum a kowace mazaɓa, cikin mazaɓu dubu takwas da ɗari takwas da ɗoriya na ƙasar nan, wanda ya san gidan kowa, ya san wace mata ce in ta ce a fito matan unguwa za su fito, wanda zai tsaya a rumfa tun safe har a ƙirga ƙuri'ar ƙarshe ya karɓi takardar sakamako. Peter Obi ya samu miliyan shida, amma a rumfuna da yawa na Arewa ba shi da wanda zai sa mashi hannu a takarda. Wannan saiwar ita ce gadon PDP na gaske. Kuma ita ce nake gani tana bushewa a idona. A mazaɓarmu, waɗanda suke zuwa taro tare da Kawu a da, wasu sun rasu, wasu sun bi ubangidansu zuwa APC, wasu sun bi nasu zuwa ADC. Ɗakin da suke haya a matsayin ofis yanzu mai POS ne a ciki. 'Ya'yan Kawu maza huɗu, ba ɗaya da ke da katin jam'iyyar ubanshi. Ƙaraminsu shekararshi goma sha ɗaya lokacin da PDP ta bar mulki. Shi abin da ya sani game da ita shi ne rigima a kotu.

Me ya sa ni da ba ɗan PDP ba abin ya dame ni? Saboda na ga amfanin adawa mai ƙarfi da idona. A Janairun 2012 da Jonathan ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, 'yan ƙwadago da 'yan adawa da matasa suka cika tituna, dole gwamnati ta sauko zuwa 97. A Mayun 2023 aka cire shi baki ɗaya da jimla ɗaya a filin rantsuwa, lita ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Ina babbar jam'iyyar adawa a lokacin? Tana rigimar wane ne shugaban riƙo, daga baya ta koma rigimar wane ne sakatare. Gwamnatin da ta san ba mai karɓe kujerarta ba ta jin kukan kowa, ko ta wace jam'iyya ce. PDP ɗin ma haka ta yi mana lokacin da take ganin shekara sittin a gabanta. Ni ba lema nake wa kuka ba. Tsorona shi ne tsakanin faɗuwar wannan da tashin wanda zai gaje ta a samu shekaru da ba kowa a wurin, kuma a cikin waɗannan shekarun ne za a yi zaɓen 2027.

Don haka in kun tambaye ni, amsata ita ce: ba suma ba ce. INEC ba za ta soge sunanta gobe ba, za ta iya riƙe jiha biyu ko uku, za ta ci kujerun majalisa nan da can inda take da ɗan takara mai jama'a. Amma a matsayin ɗaya daga cikin manyan biyu, wadda in an gaji da mai mulki ita ake tunawa da farko, ina ganin wannan zamanin ya wuce. Abin da zai sa in janye maganata shi ne in ga abu biyu kafin zaɓen fidda gwani: kotu ta tsayar da shugabanci ɗaya da kowa ya yarda da shi, sannan wani babba mai jama'a ya shigo cikinta maimakon fita. A 2018 an ga haka. A 2025 ƙofar fita kaɗai ta yi aiki. In na yi kuskure ku ajiye wannan rubutu ku zo ku tuna mani, ba zan goge ba.

Shekaranjiya na koma shagon don karɓar ɗinkin yarana. Na tarar da wasu dattawa biyu, tsofaffin abokan tafiyar Kawu, sun zo zawarcinshi. Ɗaya na cewa ya zo a tafi inda gwamnati take, ko ba komai a ƙarshen rayuwa a san da shi. Ɗayan na cewa a'a, haɗaka ce mafita, duk mutanensu na da can suka koma. Kawu na ta guga yana saurare. Da suka tafi na ce, "Kawu, to wace ka zaɓa?"

Ya ce, "Ɗana, ni an taɓa kashe mani jam'iyya ina barci. Mun kwana muna SDP, da ofishinmu da gwamnati ta gina mamu, da dokinmu a jikin tuta, muka wayi gari Abacha ya ce babu. Wannan soja ne ya kashe, ka san wanda za ka yi fushi da shi. Wannan kuwa wa zan kama?"

Na ce to ai sai ya bar ta kawai, tunda masu ita ma sun bari.

Ya ajiye dutsen guga, ya ce shi ba don Abuja ya shiga ba, don Malam Umaru ya shiga, kuma Malam Umaru bai cuce shi ba. Ya ce rajistar mambobin mazaɓa na nan a cikin akwatinshi, in wani ya zo da takardar da ta nuna shi ne shugaba na gaskiya zai ba shi, in ba wanda ya zo 'ya'yanshi sa gani bayan ranshi. Sai ya tambaye ni nawa ake sayar da ƙaramin gwangwanin fenti yanzu, ja da kore. Na faɗa mashi. Ya yi shiru, ya ce a bari tukuna sai bayan sallah, ya miƙo mani kayan yaran a leda.